Kunne Ya Girmi Kaka

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka. Da can mun ɗauka wannan magana a kan tarihi kurum ta tsaya, watau labarin da mutum ya ji a bakin manya ya riga kakansa zuwa duniya. Sai da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a shekarar 2021, aka zo rabon gado, sa'an nan muka gane akwai wata ma'anar kwance a ƙarƙashin wannan. Waɗanda suka karantar da mu darasin kuwa wasu akwatunan katako ne guda biyu, waɗanda suka shekara 25 a falon gidanmu ba su ce uffan ba.

Sifikoki ne ƙirar Sansui ta ƙasar Japan. Tsayin kowace ya ɗara gwiwar babban mutum, nauyinta kuma ya fi ƙarfin yaro ɗaya. An rufe fuskarsu da sassaƙaƙƙen katako mai huji-huji, kamar tagar masallacin da aka ƙawata, in ka leƙa ta hujin sai ka hangi babban faranti na baƙar takarda mai faɗin inci 12, da waɗansu ƙanana a samansa. A bakin jama'a, in an ce lasifika, to ta masallaci ko ta 'yan siyasa ake nufi. Ta ɗaki kuwa sifika ake ce mata. Malaman harshe kuma suka raɗa wa duka biyun amsa-kuwwa. Shi Baba bai shiga wannan gardama ba. Abin da yake kiransu da shi kawai shi ne “akwatunana”.

Asalinsu kuɗin Udoji ne. Mai karatu da bai riski zamanin ba, ya sani cewa a mulkin Janar Yakubu Gowon an kafa wani kwamiti ƙarƙashin Cif Jerome Udoji don duba aikin gwamnati, ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka kuma biya su bashin watannin baya a dunƙule a farkon 1975. Baba a lokacin akawu ne a wata ma'aikatar tarayya a Kaduna. Abokan aikinsa wasu suka sayi Vespa, wasu firiji, wasu kuwa suka ƙara aure. Shi ko sai ya nufi wani kanti a titin Ahmadu Bello, ya dawo gida da waɗannan akwatuna, da amfilifaya, da garmaho mai allura. An ce da kakarmu ta ga ana sauke su daga mota, ta tambayi kuɗinsu aka faɗa mata, sai ta riƙe haɓa ta ce, “Allah ya ba ka kuɗin gona, ka je ka sayo surutu!”

Ba ta san cewa surutun nan tun yana yaro yake bin sa ba. A birnin Kano ya tashi, inda tun 1944 aka fara raba shirye-shiryen rediyo ta waya zuwa gidaje, a rataye wa mutum akwati a bango, ya riƙa biyan kuɗin haya, ba ya da ikon zaɓen tasha, iyakarsa ya ƙara murya ko ya rage. Gidansu babu akwatin, sai na maƙwabta, saboda haka ta katanga ya fara jin makaɗa. Da aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962, yana saurayi, ya ci gaba da raɓewa a shagon tela don ya ji abin da ake sakawa. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana satar ji, ranar da ya sami hali ba abin mamaki ba ne in ya sayi abin da zai ji da shi har ya ƙoshi.

Mu mun buɗe ido mun tarar da su kamar yadda yaro ke tarar da yayyensa. Ranar Asabar bayan la'asar, Baba zai jawo kujerarsa ya daidaita ta yadda nisanta da kowace sifika zai zama ɗaya, ya zaro faifai daga jakarsa, ya goge shi da lallausan ƙyalle, ya ɗora allura a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Daga nan ba mai giftawa ta gabansa. A nan muka fara jin kalangun Alhaji Mamman Shata, da kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗanmaraya Jos. Wata rana Ummu Kulsum ta Masar, wata rana Jim Reeves, in Inna ta sa baki kuma a sa mata na Indiya. Da azumi ya kama sai a tattara duk waɗannan a rufe, a bar ƙira'ar Shaihu Abdulbasit ita kaɗai. Abin da ba mu mantawa shi ne, in muka zauna a ƙasa muka jingina da jikin akwatin, ƙaurin kalangu ba ta kunne kaɗai yake shigarmu ba, har a haƙarƙari muke jin sa.

A ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja, ba a daɗe ba kuma aka yi wa Baba canjin wurin aiki. A 1992 muka yi kaura daga Kaduna zuwa wani gidan ma'aikata a Garki. Kwanuka da gadaje an watsa su a bayan babbar mota yadda aka ga dama, amma akwatunan nan sai da aka naɗe kowanne da bargo, aka kwantar da su a kan katifar Inna, Baba kuma ya hau bayan motar ya zauna tare da su har Zuba. A Garki muka ga wani abu da ya tsaya mana a rai. Gari ne sabo, in ka cire Gbagyi da sauran 'yan ƙasa, kowa baƙo ne. Da yamma ta yi, sai ka ji Osita Osadebe yana fitowa ta tagar sama, Sunny Ade ta tagar ƙasa, Shata kuma ta tamu. Ba sai ka tambayi mutum garinsu ba, sifikarsa za ta gaya maka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

A 1996 wata rana wuta ta zo da ƙarfi, amfilifaya ta yi hayaƙi ta mutu. A lokacin darajar Naira ta riga ta zube tun daga 1986, albashi ba ya kai wata, mu kuma shida muna makaranta. Baba ya ce za a gyara in hali ya yi. Hali bai yi ba. Sannu a hankali Inna ta shimfiɗa wa kowace akwati ƙyallen saƙa, ta ɗora filas a kan ɗaya, tasoshi a kan ɗayar. Da ya yi ritaya muka koma Gwagwalada, aka sake kwaso su, aka sake ɗora musu filas da tasoshi. Baba ya koma 'yar ƙaramar rediyo mai batir, daga baya kuma jikoki suka zuba masa waƙoƙi a wayar hannu. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai sau ɗaya da muka tarar da shi ya kara wayar a kunne, muka ce ashe ana shan Shata, sai ya yi murmushi ya ce, “Wannan ai inuwarsa ce.”

Da aka zo rabon gado, malamin da aka gayyato ya ce ƙa'ida ita ce a yi wa kome ƙima, ko da allura ce. Aka kira wani ɗan gwangwan, ya ƙwanƙwasa katakon, ya leƙa ciki, ya ce shi maganaɗisu da jan ƙarfen da ke ciki kaɗai ne ke da amfani a wurinsa, ya yi tayin da bai kai kuɗin rabin buhun shinkafa ba. Mu kuwa muka ce a sa su a kasonmu. Nan fa zance ya tashi. Autanmu ya ce shi ya ji a Turai da Japan ana sayen tsofaffin sifikoki da kuɗin da ya fi na mota, kuma ba banza ba ɗan boko ya tsallake fili da firiji ya ce tsohon katako yake so. Ba wanda ya fito ya ce mun shirya cuta, amma mun ga yadda idanu suka sauya. Rabon da ya kamata a gama a yini ɗaya sai da ya yi mako uku a tsaye, Inna tana cikin takaba, 'ya'yanta kuma suna gaisawa a tsaitsaye.

Abin da ya tilasta mana karatun da ba mu taɓa niyya ba ke nan. Muka ajiye littattafan adabi, muka shiga bincike a kan waɗanne ne manyan sifikokin da masana sauti suke girmamawa, kuma ko namu suna cikinsu. Ga abin da muka samo, a taƙaice.

Tushen abin duka ɗaya ne, kuma tun 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka daidaita shi. Ana naɗa siririyar waya a gindin farantin takarda, a sa ta a tsakiyar maganaɗisu. In wutar da ke ɗauke da sauti ta ratsa wayar, sai farantin ya riƙa kai da komowa, yana tura iska, iskar ta taɓa dodon kunne. Kunnen yaro mai lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Sauti mai kauri yana bukatar babban faranti da zai ture iska mai yawa, siriri kuma yana bukatar ƙarami mara nauyi mai saurin motsi. Duk gasar da aka yi shekara da shekaru a kan yadda za a haɗa waɗannan biyu ne ba tare da an yi wa kunne ƙarya ba.

Na farko da sunansa ke fitowa a bakin kowa shi ne Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas. Dabararsa dabarar kakaki ce: ƙaramin numfashi, in ya bi ta doguwar hanya mai buɗewa, sai ya fito da ƙarfi. Sai ya nannaɗe hanyar a cikin akwati, ya ce a ajiye ta a kusurwar ɗaki domin bangaye biyu su zama ƙarashen bakin kakakin. Da 'yar wuta kaɗan take cika zaure, kuma har yau ana ƙera ta. A 1947 kamfanin Tannoy na Ingila ya fito da tasa hikimar, ya dasa ƙaramar sifika a cibiyar babbar, domin kauri da siriri su fito daga wuri ɗaya kamar yadda suke fitowa daga bakin mutum. Ɗakunan ɗaukar faifai suka rungume ta, sunan kamfanin kuma ya yi ƙarfi har Ingilishi suka riƙa kiran kowace lasifikar sanarwa da shi.

Wanda ya fi burge mu a cikinsu shi ne Edgar Villchur, domin shi ma ba injiniya aka yaye shi ba, tarihin zane-zane ya karanta. Kafin shi, wanda ke son kauri sai ya tanadi akwati kamar rumbu. Shi ko sai ya toshe akwatin ruf, ya bar iskar da ke ciki ta zama matashin da ke mayar da farantin wurinsa, ta haka ƙaramin akwati ya ba da kaurin da babba ke bayarwa. A 1954 ya kafa kamfanin Acoustic Research tare da ɗalibinsa Henry Kloss, a 1958 suka fito da AR-3. Don su nuna gaskiyarta, sukan tara jama'a, makaɗa su hau dandamali suna goga kayan kiɗansu, a tsakiya su daina, sifika ta ci gaba, masu sauraro kuma su kasa gane inda aka yi musanyar. Da ya sayar da kamfanin a 1967, sai ya ba da sauran rayuwarsa ga binciken na'urar taimaka wa masu raunin ji.

Sai Quad ESL ta 1957, wadda Peter Walker ya ƙera a Ingila. Ita babu farantin takarda a cikinta sam, sai wata leda da ta fi ɓawon albasa siranta, an shimfiɗa ta tsakanin faranti biyu masu huji da ke ɗauke da wuta. Masana sun ce a wajen fito da muryar ɗan Adam da wuya a sami kamarta, amma ba ta da ƙarfin ƙara, ba ta da zurfin kauri, kuma ba ta shiri da ƙura. Da an kawo ta nan, hunturu ɗaya ya ishe ta. Akwai kuma 'yar ƙaramar LS3/5A, wadda injiniyoyin BBC suka tsara a tsakiyar shekarun 1970 domin motocin ɗaukar shiri a waje, inda wuri ya yi ƙaranci. Tsayinta santimita 30 ne kacal, amma saboda tsananin amanarta ga murya, BBC ta ba kamfanoni irin su Rogers da Spendor da Harbeth izinin ƙera ta bisa sharaɗin kada su kauce wa ma'auni. A Amurka kuwa JBL L100 ta 1970 ce ta yi tashe, mai fuskar soso, wadda duk wanda ya san tallan kaset ɗin Maxell ya gan ta, inda wani ke zaune a kujera sauti yana kaɗa masa gashi baya. Japan ma ta shiga sahu a 1974 da Yamaha NS-1000M, wadda aka yi ƙananan farantanta da ƙarfen beriliyam, mara nauyi mai tauri.

Muka duba sama, muka duba ƙasa, ba mu ga akwatunan Baba a cikin wannan jeri ba. Abin ma bai tsaya nan ba. Ashe masana suna yi wa irinsu shaguɓe, suna kiransu da sunan kabuki, watau wasan kwaikwayon Japanawa mai yawan kwalliya, wai an cika su da farantai da ado don ido, alhali kaurinsu yana da ruri, siririn kuma yana da kaifi. An yi su da yawa, an sayar da su da yawa, kamfanin ma ya durƙushe a 2014. Ba mu ɓoye kome ba, muka tara 'yan'uwa muka karanta musu. Auta ya sunkuyar da kai. Babbar yayarmu ta ce, “To, Malam, tun da ba zinariya ba ce, ka ɗauka, amma a ƙidaya.” Aka ƙidaya, aka cire daga kasonmu, aka shafa fatiha. Zumunci ya tsira. Sai dai a gaskiya mun koma gida da wani ɗan ɗaci a maƙogwaro, domin a can cikin zuciya mun so a ce mana mahaifinmu mafi kyau ya zaɓa.

Bayan wata biyu muka kai su wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a nan Gwagwalada, wanda ya koyi sana'ar a Sabon Garin Kano tun zamanin da rediyo ke da kwalabe a ciki. Da ya kwance bayan akwatin farko, gidan zanzaro ya fara cirowa, sa'an nan ya share kashin kyankyasai. Ya ɗora yatsu a kan babban farantin ya danna a hankali yana kasa kunne, ko zai ji gugar waya. Ya ɗauko batir ɗaya na tocila ya taɓa wayoyin da shi, farantin ya yi tsalle ya ce ɓup. Ya dube mu ya ce, “Dakta, da ransu. Barci suke yi.” Muka ce masa, Baba, masana fa sun ce ba na kirki ba ne. Bai ɗaga kai daga dalmar da yake narkarwa ba, ya ce, “Su masanan sun taɓa jin kalangu a cikinsu?” Ya canja 'yan gangunan nan masu riƙe wuta da ke cikin mararrabar sauti, waɗanda tsufa ya busar, ya liƙe wata 'yar tsaga da siririyar takarda da gam, ya kuma samo mana tsohuwar amfilifaya ta gwanjo da na'urar kaset.

A cikin kayan Baba akwai wani kaset da ya rubuta wa 1987 a jiki. A zamanin, wanda ba shi da na'urar kwafe kai tsaye, in ya aro faifai, sai ya ajiye rikoda a gaban sifika, ya danna ja, ya ce kowa ya yi shiru. Haka Baba ya yi da wani faifan Shata da ya aro. Tun kwanakin zaman makoki wani jika ya kwafe kaset ɗin a waya ya rarraba mana. A farkonsa, kafin kiɗa ya tashi, ana jin wani mutum yana gyaran murya yana cewa, “Kai, ku yi shiru mana, an fara.” Muka yi ta gardama a kan ko muryar wane ne. Wasu suka ce Baba, wasu suka ce Kawu ne, domin muryar ta fito siririya kamar ta mai mura. Inna da aka kara mata a kunne ta ce ita ba ta gane kowa ba.

Ranar da aka dawo da akwatunan, muka ɗauko Inna muka kawo ta gidanmu. Muka jawo kujera muka daidaita ta a tsakiya, muka zaunar da ita, muka sa kaset ɗin. Aka ji shuuu na tsohon zare, aka ji ƙarar kujera, sa'an nan gyaran muryar nan ya fito, da dukan kaurinsa, daga ƙirji. Ba wanda ya tambayi kowa. Yaya ta dafe baki. Inna ba ta motsa ba har kalangu ya shigo, sa'an nan ta ɗaga hannu ta ce a tsayar. Muka tsayar. Ta yi shiru mai tsawo, ta ce, “Kai yake yi wa faɗa. Kai ne ba ka iya zama wuri ɗaya.” Can kuma ta ce, “Maido shi baya.” Sau huɗu muka maido mata, ba ta bari an kai ga waƙar ba ko sau ɗaya.

Daga baya muka fahimci dalilin abin a ilmance. Gindin muryar namiji baligi yana tsakanin kaɗawa 85 zuwa 180 a daƙiƙa, 'yar sifikar da ke cikin wayar hannu kuwa, wadda ba ta kai faɗin farce ba, ba ta iya sauka can. Abin da take ba mu rassan murya ne, ƙwaƙwalwa ta cike sauran da zato. Kalmomin duka suna nan a waya, ba a rasa ko ɗaya ba. Mutumin ne ba ya nan.

Wannan ya sa muka waiwayi aikinmu da kunya. Shekara da shekaru muna koyar da waƙar baka. Tun 1975 Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa mana hanyar nazari, muna bi muna fitar da turke da tubalansa, da gindin waƙa da ɗiyanta, da salo. Amma mafi yawan wannan a kan takarda muke yin sa. Mukan raba wa ɗalibai matanin waƙa da aka buga da na'ura, in an matsa a kunna waya a ɗora a kan tebur, mutum sittin su miƙa wuya. Ashe inuwa muke ta aunawa muna ba da maki.

Saboda haka a zangon da ya biyo baya muka loda akwatunan a bayan mota muka kai su aji, ɗalibai huɗu suka yi dakonsu suna dariya, wani yana tambaya ko akwatin gawa ne. Muka sa musu Bakandamiyar Shata, wadda kusan dukansu suna da ita a waya. Da farko ana 'yan surutai, kafin minti biyu ajin ya yi tsit. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, yana bin hawa da saukar karin harshen Hausa. A waya duk wannan ba ya fita, sai ƙwas-ƙwas ɗin gula a kan fata. Ran nan suka ji yadda ganga ke amsa wa mawaƙi, da yadda 'yan amshi ke shigowa a kan gaɓar da kiɗa ya buɗe musu. Da aka gama, wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ashe gangar ma magana take yi.” Mun sha faɗin wannan jumla a lacca, sun sha rubuta ta a jarrabawa. Ran nan ne aka fara jin ta.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk abin da ya tsufa ya fi sabo. Masana ba su yi ƙarya ba a kan akwatunan Baba. In aka ƙure su, algaita takan soki kunne, kaurin kuma yakan yi ambaliya ya rufe na kusa da shi. Akwai sifikokin yau da suka fi su gaskiya nesa ba kusa ba. Haka kuma sifika kome darajarta ba ta iya ba da abin da makirfo bai kama ba, kuma da yawa daga cikin waƙoƙinmu da makirfo ɗaya aka ɗauke su, a fili, iska na kaɗawa. Daɗin daɗawa, kunnen da ya haura arba'in ya riga ya fara sallama da siraran sautuka, saboda haka wani abin da muke yabo a tsohuwar sifika, mai yiwuwa ƙuruciyarmu ce muke yabo. Duk mun yarda da wannan. Abin da muka tsaya a kai shi ne, makaɗan nan sun yi waƙoƙinsu ne don fili da ƙirji, wanda kuwa bai taɓa jin su da cikar jikinsu ba, bai kamata ya yi gaggawar yanke musu hukunci ba, ko na yabo ko na suka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan gaggawa. Sifika ana gyara ta, mun gani da idonmu. Zaren kaset kuwa in ya mutu ya mutu. Tun 1963 da kamfanin Philips ya fito da kaset, babu wata taska da ta adana muryar Bahaushe kamarsa: waƙa, da wa'azi, da tafsiri, da wasan kwaikwayo, har da saƙon da matafiyi ke aiko wa iyalinsa. Zafi da laima da ƙura suna cin wannan zare kullum, na'urorin juya shi kuma suna ƙarewa, har a 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗi a kan haka ga duniya baki ɗaya. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Ba za su sake shiga gaban makirfo ba. Abin da ya rage nasu, da na ɗaruruwan makaɗan ƙauye da ba a taɓa buga sunansu a littafi ba, yana cikin kwalaye a ƙarƙashin gadajen iyayenmu.

Don haka muke roƙon abokan aiki da ɗalibai abu biyu. Na ɗaya, duk wanda ya je hutu gida ya tambayi tsofaffin kaset da faifai kafin a zubar ko a ba yara su yi wasa da zaren, ya kawo a kwafe su da kyakkyawar na'ura, a rubuta sunan mai waƙa da wuri da shekara in an sani, a mayar wa masu su abinsu. Na biyu, wannan sashe namu ya ware ɗaki ɗaya, ko ƙarami ne, na sauraro, yadda ɗalibin waƙa zai zauna ya ji kafin ya ɗauki alƙalami. Ba sai an nemo Klipschorn ko Tannoy ba. Mu dai mun riga mun yi alkawarin aron namu duk ranar da ake bukata, da sharaɗin a dawo da su kafin Asabar.

Domin kuwa ranar Asabar bayan la'asar Inna takan zo. Mukan jawo mata kujera a tsakiya, jikoki su zauna a ƙasa su jingina da katakon, mu kuma mu tsaya a bakin ƙofa muna hana giftawa. Yanzu takan bari a kai ga waƙar. Allah ya jiƙan mahaifanmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya gafarta wa makaɗanmu kurakuransu, mu kuma ya ba mu kunnen jin abin da aka bar mana. Amin.